Rijiyar Man da Ke Hutun Lahadi

A shekarar da man fetur ya haukata ƙauyen Barnsloh, Gesine Rathje ta rasa rufin ɗakin ciyawarta, da amya bakwai cike da zuma, da rijiyar da ta fi kowacce daɗin ruwa a ƙauyen, da dankalin shekara guda, da kwat ɗin zuwa coci ta marigayi mijinta. Abin da ta samu kuwa gida ne na jan bulo, da kujerar gaba a coci, da wani kwarjini da ya sa har yau in ta taya alade a kasuwa, mai shi ba ya iya ce mata albarka sau biyu. Asarar duk aikin ƙanin mijinta ne, Cord. Ribar kuwa aikinta ce, wanda ya ce ba haka ba ya zo ya faɗa a gabanta.

Kafin zuwan kamfanin mai, Barnsloh gida talatin ne da gidan giya ɗaya. Baƙar kwaltar da ke tsattsafowa a ramukan bayan gari, tun kaka da kakanni da ludayi ake kwasarta, a shafa wa ƙafar amalanke, a shafa wa saniya mai gyambo, ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai. Sai ga mutanen birni da hasumiyoyinsu na katako na haƙar mai. Kafin a yi girbi biyu gidajen giya sun zama goma sha ɗaya, agwagin ƙauye duk sun koma baƙaƙe, manoman da ba su taɓa tambayar ƙarfe nawa ba sun rataya agogon sarƙa a tumbi. Mijin Trina Meinke, maƙwabciyar Gesine, har fiyano ya sayo, katon akwatin kiɗan nan, kaza ta yi ƙwai a ciki.

Kowa ya sa hannu a takardar sayar wa kamfani gona ban da Gesine. Gonarta siririya ce doguwa, yashi zalla, ta miƙe tsakanin filin kamfani da tashar jirgin ƙasa, kuma ita kaɗai ce abin da mijinta ya bar mata. Lindhorst, wakilin kamfani, sau huɗu yana zuwa da hula a hannu.

“Uwargida Rathje, kuɗi mark ɗari takwas. Masananmu sun duba, ko ɗigon mai babu a ƙarƙashin gonar nan. Tausayi ne kawai yake kawo ni.”

“Tausayin nan naka zai cinye maka takalmi. Albarka.”

Karatunta bai wuce sunanta da lambobi ba, amma ta san mai sayen da ya dawo sau huɗu ba don Allah yake dawowa ba. Dalilin ne kawai ba ta gano ba.

Ana cikin haka Cord ya dawo gari bayan shekara tara, da wata faffaɗar hula mai kama da faifai. Ya ce daga Amurka yake, inda ya haƙa rijiyoyin mai arba'in, ɗaya har ta wanke gajimare. Mai tallar kifi dai ya rantse cewa a tashar ruwan Hamburg ya sha ganinsa yana gangara gangunan kifin gishiri, amma Cord ya ce wani ne mai kama da shi. Ya zauna a teburin Gesine, ya share soyayyen dankali kwano biyu, ya goge baki.

“Matar Yaya, ki sayar wa wa? Teku kike kwana a kai. Tun daga tasha hancina ya ji shi.”

“Hancin da bai ji tuwon gidan nan ya ƙare ba sai da ya ga gindin tukunya?”

“Ki ba ni wata guda. Mu haƙa da kanmu. Kamfani zai zo yana durƙusa miki.”

Gesine ba ta yarda da ko kalma ɗaya ba. Amma ta yi tunanin in Lindhorst ya wayi gari ya ga hasumiya tsaye a gonarta, cikinsa zai ɗuri ruwa, ɗari takwas ta haihu. Ta ce, “Wata guda. Kuma in ka taɓa mini kaji, kai da Amurka.”

Kaji kaɗai ne bai taɓa ba.

Ya fara da gwafa, ɗanyen reshe mai baki biyu irin na masu neman ruwa. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya rufe ido, rabin gari na biye da shi. Gwafa ta ja shi, ta ja shi, ta tsallake shinge, ta kife a kan jujin takin Meinke.

“Ka samu, Cord,” in ji Trina daga taga. “Ganga nawa za mu auna maka?”

“Gwaji ne. A Amurka sai an gwada kayan aiki.”

Karo na biyu gwafa ta kai shi ƙofar gidan giya, inda ta daɗe. Karo na uku ta nuna wani wuri taku goma daga rijiyar Gesine. Ya ce nan ne, ya kafa hularsa a kai.

Hasumiya na son katako, katako kuwa ya yi tsada a garin tun zuwan kamfani. Gesine ta tafi kasuwa da ƙwai, ta dawo ta tarar da ɗakin ciyawarta a buɗe yana kallon sama.

“Aro na yi, matar Yaya. Kafin ruwan sama ya sauko kin yi rufin kwano.”

Ruwa ya sauko da la'asar.

Dabarar haƙar kuwa ita ce wata tabaryar ƙarfe da maƙeri ya ƙera masa. Ya rataya ƙafar amalanke a ƙolin hasumiya, igiya ta bi ta kai, ɗaya bakin a wuyan saniyar Gesine. Saniya ta yi gaba, tabarya ta tashi, a kwance ƙugiya, tabarya ta daki ƙasa. Kwana biyu abin ya tafi daidai, har Cord ya fara koya wa ma'aikatan kamfani aikinsu ta saman shinge. Abin da ya manta shi ne saniyar nan shekara takwas tana sanin lokacin tatsarta, kuma ba ta neman izinin kowa. Rana ta uku ya tsaya dogon bayani, lokaci ya wuce, Gesine ta buga bokiti a ƙofar garke kamar kullum. Saniya ta juya ta nufi gida, igiya ta bi ta, hasumiya ta bi igiya. Ta yi wata doguwar gaisuwa, ta kwanta a kan amya bakwai.

An ce har a coci an ji ihun. Cord ya kwana uku fuskarsa kamar burodin da ya sha yisti, idanu biyu sun zama tsaga. Trina ta leƙo da man shafawa, don dai ta gani da idonta.

“Sannu, ɗan Amurka. Su ma can haka zumarsu take gaisuwa?”

“Can,” in ji Cord ta gefen baki, “kowace zuma ta kai tattabara. Waɗannan ko ji ban yi ba.”

Aka sake ta da hasumiya, a gurguje, tana jingine da iska. Mako uku tabarya na daka. Ranar wata Alhamis ƙasa ta yi gurnani, Cord ya jefa hula sama, sai ga ruwa ya yi tsiri, fari fat, gishiri kamar an narka kasuwa a ciki. Ya kwana biyu yana malala cikin kunyoyin dankali. Da ya tsaya, ganye duk ya ƙone, rijiyar gida kuma ko alade ya sunsuna sai ya juya baya.

Wannan ita ta fi ci wa Gesine rai. Matar da mutane ke zuwa roƙon ruwa a ƙofarta shekara ashirin, yau ita ce da bokiti biyu a ƙofar Trina.

“Ɗebi mana, Gesine, ɗebi. Ai maƙwabtaka ta fi haka. In kina son miya kuma sai mu zo gidanki, an riga an sa gishiri.”

Da yamma Lindhorst ya zo, wannan karon bai cire hula ba.

“Na ji abin da ya faru. Gona mai gishiri, ba rijiya. Ɗari shida, shi ma don ke ce.”

“Albarka,” in ji ta. Amma da ya tafi sai ta zauna ta yi lissafi. Ba dankali, ba ciyawa, ga sanyi na tafe. Ta kira Cord.

“Kwana uku ka tattara hularka.”

“Matar Yaya, gishiri ai ɗan aiken mai ne. Duk wanda ya san aiki…”

“Biyu.”

Washegari da sassafe Cord ya ɗauki gwafa ya nufi can ƙarshen gona, gefen filin kamfani. Yana tafe ido rufe ƙafarsa ta nutse har ƙauri, ya kife. Ya tashi yana murna. Ƙasar wurin taushi gare ta kamar an taɓa haƙa ta, ciyawar kanta kuma ta bi layi ɗaya ɗoɗar. Ya ce wannan ita ce jijiyar mai, a Amurka yaro ma ya san ta. Ya jawo hasumiya. Tabarya ta sauka sau goma sha biyu, a na sha uku aka ji ƙwal, sai ga baƙin mai ya yi sama ya wuce tsayin itace.

Zurfin ramin bai kai tsayin mutum ba. Kamfani sai ya yi wata uku yana haƙa kafin ya ga ɗigo. Cord ya tsaya a cikin feshin, hannu a ƙugu.

“Ku kira mini masanan nan nasu, in ba su aikin wanke ganga.”

Aka kawo ganguna, aka kawo bahon wanki, aka kawo kwamin alade. Gesine kanta sai da ta ɗauko bokiti. Sai dai da usur ɗin kamfani ya busa sha biyun rana, mai ya yi tari sau biyu ya tsaya cak. Ƙarfe ɗaya daidai ya dawo. Ƙarfe shida na yamma ya sake ɗaukewa.

“Cord,” in ji Trina, “rijiyarka ta tafi cin abinci ne ɗazu?”

“Numfashi take yi. Babbar rijiya dole ta yi numfashi.”

Ranar Asabar haka. Ranar Lahadi kuwa ko ɗigo, tun safe har dare.

“Mai ne mai tsoron Allah,” in ji Cord a ƙofar coci. “Irinsa ya fi tsada.”

Rabin gari sun gane tun a nan, don da idonsu suka ga ma'aikatan kamfani suna binne bututu a wajen, a tsakiyar sanyin bara, lokacin da Gesine ta tafi garin Celle zaman jegon 'yarta. Amma Cord ya riga ya yi shelar walima ranar Talata, da alade da giya kyauta, wa zai ɓata wannan da gaskiya?

Gesine ba ta ga binne bututu ba, amma ta san rijiyar da ke bin usur tana da ubangida. Bayan coci ta taka zuwa ƙarshen gonar, ta tsaya a kan dutsen iyaka. Shekara ashirin tana zama a kansa ta huta in ta gaji da noma, kuma kullum gefen da gansakuka ta rufe yana kallon arewa. Yau yana kallon gidanta. Ta daɗe tana dubansa. Daga nan ba ta koma gida ba, ta wuce wajen Baba Behn, tsohon da ya rage shi kaɗai cikin dattawan da aka rantsar kan iyakokin gonaki.

Da ta dawo ta ce wa Cord, “A yanka aladen. Ka gayyato kowa, kada ka bar ko gurgu. Fasto ma ya zo.”

“Kin gani? Na ce za ki yarda da ni.”

“Ga kwat ɗin yayanka, ka sa. Mai rijiya ba ya tsayawa gaban jama'a da tsumma.”

Ranar Talata gari ya tashi kaf. 'Yan badujalar ƙungiyar maharba suka zo da kakakinsu, fasto ya tsaya nesa kaɗan saboda takalminsa, mai na ta feshi. Cord ya hau ganga. Ya ce za a canza wa garin suna. Ya ce zai shimfiɗa titi har Hamburg. Ya ce kamfani in ya yi ladabi zai iya sayensa ya bar ma'aikatan a bakin aikinsu. Yana cikin rabon muƙamai sai ga Lindhorst, da ɗan sanda a kan doki, da ma'aikata huɗu riƙe da shebur. Kwana huɗu tankinsu na tasha yana karɓar rabin abin da injin ya tura, sun bi layi taku-taku har ya kawo su wajen gasasshen alade.

“Malam Cord, rijiyarka ce wannan?”

“Tawa ce. In aiki kake nema ka dawo gobe.”

“To ce mata ta tsaya.”

“Mai ba ya jin magana, ɗan birni. Ƙarfin ƙasa ne.”

Lindhorst ya zaro farin hankici ya ɗaga sama. Can a filin kamfani wani ya ɗaga hannu. Mai ya yi tari sau biyu ya tsaya.

Sai dariya ta kuɓuce wa mai babban kakaki a cikin kakakin.

“Numfashi ne,” in ji Cord. Ya sauko daga ganga, ya durƙusa, ya cusa kai a ramin yana leƙe. Lindhorst ya sauke hankici.

Da aka jawo shi ta ƙafa, haƙora kaɗai ake gani. Kwat ɗin marigayi, wadda ta je coci shekara goma sha takwas ba tabo, ta zama abin goge ƙafar amalanke. Mata suka riƙe ciki, fasto ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ma'aikata suka sa shebur, kafin a sha kofi guda ga bututu kwance, tabaryar Cord a tsakiyar cikinsa.

Lindhorst ya zaro takarda, ya ɗaga murya don kowa ya ji.

“Uwargida Rathje, ɓarnar dukiyar kamfani da satar mai na kwana huɗu. In aka je kotu gonar ma ba za ta isa ba. Ki sa hannu a ɗari huɗu mu yafe.”

Gesine ta gama yanka naman da ke gabanta, ta goge wuƙa.

“Bututun naka a ƙasar wa yake kwance?”

“A tamu. Ga dutsen iyaka can, taku huɗu ta gefenki. Ƙanin mijinki ne ya tsallako mana.”

“Baba Behn, bismilla.”

Tsoho ya fito da sandarsa. Mutanen birni sun san dutse, ba su san abin da ke ƙarƙashinsa ba. A ƙasar nan ba a kafa dutsen iyaka sai dattawa sun kori kowa sun binne masa shaidu, abubuwan da ba sa ruɓewa, kuma su kaɗai suka san mene ne da yadda aka jera su. Behn ya sa aka ɗaga dutsen. Yashi ne kawai a ƙasa. Ya juya, ya tsallake bututu, ya ƙirga taku takwas cikin abin da kamfani ke kira filinsa, ya soka sanda.

“Kafin ku haƙa, ɗan sanda ya rubuta. Gawayi dunƙule uku, fasasshiyar koriyar kwalba, da rabin kofaton ƙarfe na doki bakinsa na duban gabas. Ni da kakan Meinke muka sa su.”

Aka haƙa. Gawayi uku, koriyar kwalba, rabin kofato yana duban gabas.

Ba wanda ya yi dariya yanzu. A Barnsloh an fi yafe wa ɓarawon doki a kan mai gusar da dutse, tsofaffi ma cewa suke ko ya mutu da dutsen a kafaɗa zai yi ta yawo. Ɗan sanda, wanda shi ma ɗan manomi ne, ya juya kan dokinsa a hankali har ya fuskanci Lindhorst.

“Kuskuren ma'aikata ne,” in ji Lindhorst. Hular ta dawo hannu. “Dutsen ya tare wa amalanke hanya, suka… Uwargida, mu shiga daga ciki mana.”

“Nan ma da iska. Gonata ba mai, ka faɗa sau biyar, na kuma yarda. Amma duk man garin nan ta cikinta yake bi ya je jirgi. Ko ka saya, ko ka naɗe bututunka ka zagaya ta fadama.”

Ta fadama tafiyar wata shida ce ta aiki, kowa ya sani.

“Dubu ɗaya da ɗari biyar.”

“Albarka.”

“Dubu biyu.”

“Trina, zuba wa fasto giya.”

“Dubu uku, kuma iyakata ke nan. Ko ni sai na yi wa manyana bayani a Hannover.”

Gesine ta dubi Cord, wanda ke zaune a kan bahon wanki ana kankare shi da cokali.

“Dubu uku na karɓa, in za ku ɗauki ƙanin mijina aiki. Da takarda, shekara goma, ba kora. In kuwa ni za ku bar wa shi, dubu biyar.”

Cord ya miƙe, mai na ɗiga daga kunnuwansa.

“Shawara mai kyau, matar Yaya. Ranka ya daɗe, abu na farko da zan gyara muku shi ne injin nan. Na lura kuna ɓata itace a banza. A Amurka saniya biyu da igiya…”

“Dubu biyar,” in ji Lindhorst.

Ya faɗe ta da sauri, saurin da bai kamata mai ciniki ya yi ba a gaban Gesine Rathje. Ta dube shi, ta dubi Cord, ta ga ashe ta karya wa kayanta daraja.

“Ka bari in gama magana, ɗan nan. Dubu biyar na gona ne da Cord in yana zaune a gida. Ai ba ka so ya riƙa leƙowa ta shinge yana ba yaranka shawara kyauta.”

“Hasumiyarku ta uku ma a karkace take,” in ji Cord. “Gobe da safe zan shigo in…”

Lindhorst ya rufe ido. “Nawa?”

Ta faɗa masa, aka gyara takardar, ta miƙa hannu aka ba ta alƙalami. Ta sa aka karanta takardar da ƙarfi sau biyu, ta sa fasto ya duba lambar, ta duba da kanta, don lambobi kam ba mai yi mata wayo. Sannan ta zana sunanta harafi-harafi, ba gaggawa, gari na tsaye yana jira.

“Dubu shida,” in ji ta. “Na sallama.”